Gawo da Ƙuduji: Me Halitta Take Faɗa Mana Game da Mahalicci?



Akwai wata tambaya da take shigowa gidajenmu, kuma a cikin jakar makaranta take zuwa. Yaro ya tafi sakandare ko jami'a, ya zauna a ajin ilimin halittu, malami ya koya masa cewa dabbobi da tsirrai sun yi ta rikiɗa sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru har suka kai siffar da muke gani yau. Ya dawo hutu, ya sami mahaifinsa a zaure, ya ce, "Baba, in haka ne, ina aikin Allah a ciki?" Amsa biyu aka fi ba shi. Ta farko tsawa ce: a ce boko ya lalata shi, ya rufe bakinsa. Ta biyu ta fi taushi: a nuna masa ido, ko fiffiken tsuntsu, a ce dubi wannan tsari, wa zai iya yin sa in ba Allah ba? Amsar farko tana kore yaron nan take. Ta biyu akwai gaskiya a cikinta, amma yadda aka saba faɗinta takan riƙe shi na shekara biyu ko uku ne kawai, kafin ya haɗu da wanda ya fi babansa karatu ya warware ta a gabansa. Saboda haka muke so mu zauna da ku a kan maganar nan, domin 'ya'yanmu ne a ciki, kuma ikilisiyoyinmu ba su da yawan da za su riƙa zubar da matasa.

Mu fara da abin da kowane manomi a cikinmu ya sani. Itacen gawo yana tafiya ne a saɓanin sauran itatuwa. Da damina, lokacin da daji ya yi kore shar, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci. Ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, rana kuma tana ratsa rassansa ta sauka a kan gero, ba ya hana shuka haske. Masana sun gano cewa a saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su sa a ƙasa, irin sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na nesa da shi kyau, kakanninmu kuma ba sa sare shi a gona tun kafin wani bature ya zo da ma'auni. Wanda ya tsaya ƙarƙashin gawo ya ce Allah mai hikima ne, bai yi kuskure ba. Zabura ta 19 ta sa sammai a matsayin masu shelar ɗaukakar Allah. Manzo Bulus, a Romawa sura ta 1, ya ce ikon Allah a bayyane yake cikin abubuwan da ya yi, har ba wanda yake da hujjar cewa bai sani ba. A Listira ma, da ya tsaya gaban mutanen da ba su san Attaura ba, da ruwan sama da amfanin gona ya yi musu wa'azi.

Wanda ya mayar da wannan gani ya zama hujja a rubuce, har ta shiga littattafan da aka karantar da mu a kwalejin tauhidi, wani malamin ikilisiyar Ingila ne mai suna William Paley, a littafinsa na shekarar 1802. Misalinsa shi ne: in kana tafiya a fili ka yi tuntuɓe da dutse, ba za ka damu da yadda ya zo wurin ba. Amma in agogo ka tsinta, ka buɗe ka ga ƙafafun ƙarfe suna juya juna don su nuna lokaci, dole ka ce akwai maƙerin da ya ƙera shi. To, ido ya fi agogo tsari, saboda haka akwai wanda ya ƙera ido. Hujja ce mai daɗin faɗi a bagade, yaro ma yana gane ta.

Cikin ɗaliban da suka karanta Paley suka yaba masa akwai Charles Darwin, wanda ya yi karatu a kwaleji ɗaya da shi a Kambirij, a lokacin da iyalinsa suke shirin ya zama limamin ikilisiya. A 1859 Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu. Abin da ya ce, in an rage shi, bai da wuyar fahimta. 'Ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu, kullum akwai ɗan bambanci. Ana haihuwar fiye da waɗanda za su rayu. Waɗanda ɗan bambancinsu ya dace da wurin da suke, su ne suka fi rayuwa su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu wannan hali. Yanayi yana tankaɗe yana rairaya, tsara bayan tsara, har abin da ya rage a faifai ya yi kama da wanda aka auna aka yanka don wurin. Agogo ba ya haihuwa, amma tsuntsu yana haihuwa, a nan ne misalin Paley ya sami tangarɗa.

Kada mu yi saurin cewa wannan tatsuniyar turawa ce, gama mun ga ƙaramin misalinsa da idonmu. Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin da kulorokwin yake kashe zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Aka yi ta sha, ƙwayoyin cutar da ba su iya jure maganin suka mutu, 'yan kaɗan masu jurewa suka rage suka hayayyafa, har maganin ya daina aiki, a wajajen 2005 Nijeriya ta sauya zuwa wani magani dabam. Tankaɗen ke nan. Ko wannan tankaɗe ya isa ya bayyana dukan halitta tun daga farko, tambaya ce ta dabam, amma wanda ya ce wa ɗalibi sam babu irin wannan abu, ɗalibin zai san bai faɗi gaskiya ba.

Yanzu mu koma gona, domin akwai abin da ya fi Darwin wuyar amsawa, kuma yana tsiro tsakanin kunyoyinmu. Ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su tsiro ba. Me suke jira? Suna jiran wani sinadari da saiwar gero ko dawa ko masara take fitarwa. Da irin ya ji shi, sai ya farka, ya miƙa ɗan tsinkensa ya huda saiwar, ya shiga shan ruwa da abincin shukar tun yana ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga kyakkyawan furen nan nasa a sama, ɓarna ta riga ta auku. Kuma ya fi addabar gajiyayyiyar gona, wato gonar talakan da ba shi da kuɗin taki. To, 'yan'uwa, in ma'aunin Paley za mu ɗauka, ƙuduji bai gaza gawo tsari ba. Kowane sashe nasa ya dace da aikinsa. In muka ce tsarin gawo ya nuna mana alherin Allah, me tsarin ƙuduji ya nuna? Darwin ya yi irin wannan tambaya a wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa Asa Gray a 1860, a kan wani ƙwaro dangin zanzaro da yake saka ƙwansa cikin jikin tsutsa mai rai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta daga ciki. Ya kasa yarda cewa Allah mai alheri ya zauna ya tsara wannan da gangan. Gray, wanda masanin tsirrai ne a Amurka kuma mai bi na ƙwarai, ya karɓi binciken Darwin, bai kuwa saki bangaskiyarsa ba. Sun yi shekaru suna musayar wasiƙu a kai, ba wanda ya zagi wani.

Akwai kuma wata hanya da wasu masu wa'azi suke bi, wadda muke ganin ta fi kowace haɗari. Ita ce a nemo wurin da masana ba su gane ba tukuna, a ce to ga Allah nan. Isaac Newton, wanda ya gano ƙa'idar da ke riƙe duniyoyi a kan hanyarsu, mai tsoron Allah ne, amma da lissafinsa ya nuna masa kamar tafiyar duniyoyin za ta karkace a hankali, sai ya ce lalle Allah yakan sa hannu lokaci lokaci ya daidaita su. Bayan kusan shekara 100, Laplace na Faransa ya yi lissafin da ya nuna ana iya bayyana daidaituwar ba tare da wannan gyara ba. Ramin ya cike, waɗanda suka ajiye Allahnsu a cikin ramin kuwa suka rasa inda za su sa shi. A zamaninmu an sake gwadawa. A 1996 wani masani a Amurka, Michael Behe, ya ce akwai sassa a cikin ƙwayar halitta, kamar ɗan wutsiyar da wasu ƙwayoyin cuta suke iyo da shi, waɗanda ba za su iya haɗuwa kaɗan kaɗan ba, sai dai an ƙera su gaba ɗaya. Littafinsa ya yi farin jini a ikilisiyoyi. Sauran masana suka amsa da nuna cewa wasu daga cikin sassan suna wani aiki dabam a wasu halittu. A 2005 maganar ta kai kotu a kan makarantun garin Dover na jihar Pensilbeniya, alƙali ya yanke cewa wannan koyarwa ba kimiyya ba ce, ba za a sa ta a darasin kimiyya ba. Kotu ba ta yanke wa bangaskiya hukunci, mun sani. Abin lura shi ne, duk wanda ya gina bangaskiyarsa a kan jahilcin masana, kullum zai kwana da fargabar abin da za su gano gobe. Dietrich Bonhoeffer, faston nan na Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya rubuto daga kurkuku a 1944 yana gargaɗi a kan wannan: a nemi Allah cikin abin da muka sani, kada a mai da shi abin toshe gurbin abin da ba mu sani ba.

Sai kuma labaran ƙarya, waɗanda ya kamata mu kore su daga bagadenmu. Har yanzu ana jin wasu suna cewa Darwin ya tuba a gadon mutuwarsa ya janye koyarwarsa. Darwin ya mutu a 1882, labarin kuwa a 1915 ya fito a wata jaridar ikilisiya a Amurka, 'ya'yansa kuma suka ƙaryata shi. Ana cewa kwamfutocin hukumar sararin samaniya ta Amurka sun gano ranar da ta ɓace a zamanin Joshuwa. Ba a taɓa yin haka ba. Ana cewa in mutum daga biri ya fito, me ya sa har yanzu akwai birai? Masanan ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani ba, cewa suka yi kaka ɗaya suka haɗa, kuma ko za mu yi gardama da su, sai mu yi a kan abin da suka faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yau kuwa yaro da waya a hannu yana kai ƙarshen ramin kafin a tashi sujada. Ranar da ya kama fastonsa da ƙarya a kan Darwin, zai fara tunanin ko haka maganar tashin Almasihu take. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya riga ya yi wannan kashedi a sharhinsa na Littafin Farawa: in Kirista ya yi maganar wauta a kan taurari da dabbobi a gaban wanda ya san su, ya kuma jingina wautar ga Littafi Mai Tsarki, Littafin ne zai sha dariya. Ɗan Afirka ne ya faɗi wannan, shekara fiye da 1,400 kafin littafin Darwin.

To, ina mafita? A ganinmu tana cikin rarrabe tambayoyi biyu da ake cakuɗawa. A yawancin majami'unmu na ƙauye, ƙararrawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a itace. In ta yi ƙara da safiyar Lahadi, ka tambayi malamin kimiyya dalili, zai ce an bugi ƙarfe, ƙarfen ya girgiza, girgizar ta bi iska ta shiga kunne. Ka tambayi dattijon ikilisiya, zai ce ana kiran jama'a sujada. Wa ya yi ƙarya? Babu. Ɗaya ya faɗi yadda abin ya faru, ɗayan ya faɗi abin da aka nufa da shi. Komai zurfin binciken malamin a kan ƙarfe da iska, ba zai tarar da "sujada" a cikin ƙarfen ba, rashin samunta kuma bai nuna babu kira ba. Haka muke karanta Zabura ta 139, inda Dawuda ya ce Allah ne ya siffata shi a cikin mahaifiyarsa, mu kuma je asibiti a ɗauki hoton ciki, likita ya nuna mana yadda ɗan tayi yake girma mako mako, ba mu taɓa jin ɗaya ya rushe ɗaya ba. Muna roƙon abincin yini a Addu'ar Ubangiji, mu kuma ɗauki fartanya. Littafi Mai Tsarki bai san Allahn da yake aiki sai inda hanyar yau da kullum ta yanke ba. Wasiƙar Kolosiyawa sura ta 1 da ta Ibraniyawa sura ta 1 sun nuna Almasihu a matsayin wanda yake riƙe da dukan abubuwa a kowane lokaci, har da waɗanda masana suka gama bayyanawa.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a sami masu bi a sahun gaba na binciken. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idar gadon halaye ta wurin shuka wake a lambu, ya wallafa a 1866, ɗan zuhudu ne. Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga nan aka kai ga fahimtar cewa yana da mafari, fada ne na Katolika daga Beljiyam. Abin sha'awa, da Paparoma Pius na 12 ya ɗauki wannan bincike a 1951 kamar tabbacin Littafin Farawa, Lemaître bai ji daɗi ba, domin ba ya so a ɗaure bangaskiya a jikin lissafin da gobe zai iya sauyawa. Francis Collins, wanda ya shugabanci aikin karanta dukan rubutun gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, ya ba da gaskiya ga Almasihu ne yana babba, bayan ya yi zaman rashin yarda da Allah. A ɗaya gefen akwai irin su Richard Dawkins na Ingila, wanda a littafinsa na 1986 ya ce maƙerin agogon makaho ne, babu nufi a ko'ina. Yana da 'yancin ra'ayinsa, sai dai a sani cewa "babu nufi" ba abu ne da aka auna a ɗakin gwaji ba. Ya tsallaka daga kimiyya ya shiga tauhidi, tauhidin nasa ne kawai ya juya baya.

Ba mu ce kowa ya karɓi dukan abin da Darwin ya faɗa ba. Amintattun bayin Allah sun rabu a kan kwanaki shida na Farawa. A kwalejin tauhidi ta Princeton kaɗai, Charles Hodge ya rubuta a 1874 cewa koyarwar Darwin musun Allah ce, tun da ta kore nufi, B. B. Warfield kuwa, wanda ba wanda ya fi shi kāre cewa Littafi Mai Tsarki ba ya kuskure, ya ga cewa Allah yana iya yin aiki ta hanyar rikiɗar halitta. A cikin dattawanmu ma za a sami ɓangarorin biyu. Abin da muke roƙo shi ne kada a mai da wannan ƙofar ceto, har a ce wa yaro ya zaɓa tsakanin jarrabawarsa da Mai Cetonsa.

Amma inda maganar tsari da nufi ta fi yi mana nauyi, a gefen gadon asibiti ne. Muna nufin amosanin jini, wato sikila. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 24 cikin 100 a Nijeriya suna ɗauke da gadon cutar, ana kuma haihuwar yara wajen 150,000 da ita kowace shekara, fiye da kowace ƙasa. Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta binne irin yaran nan ba. Asalin abin ƙanƙane ne ƙwarai: a cikin rubutun gadon mutum, mai harufa wajen biliyan 3, harafi ɗaya ne ya sauya, ya sa jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Me ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu, ya yi ƙaranci a Turai? A 1954 Anthony Allison, da bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar sauro, yara masu AS sun fi tsira su girma su haihu, shi ya sa gadon ya bazu. Amma in AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS. Abu ɗaya ne yake ceton 'ya'ya da yawa, yake kuma azabtar da wasu. Gawo da ƙuduji a jijiya ɗaya.

Yanzu ku ɗauki wa'azin agogo ku kai wa uwar da ta kwana tana matsa wa ɗanta ƙafa yana kuka. In an koya mata cewa kowane abu a jikin mutum an zauna an ƙera shi ɗaya ɗaya kamar ƙafar agogo, to za ta ce Allah ya zaɓi ɗanta ya lanƙwasa masa jini. Daga nan sai neman laifi: wa ya yi zunubi, wa ya yi sammu, wane kakan ne ya jawo. Mun san gidajen da aka dora wa matar laifi, alhali gadon daga iyaye biyu yake zuwa, rabi da rabi. Almajirai sun yi wa Yesu irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura ta 9. Ya ƙi dora laifin a kan mutumin ko iyayensa, ya juya maganar zuwa ga aikin Allah da za a bayyana a kansa, sa'an nan ya warkar da shi. Da Ayuba ya nemi dalilin wahalarsa, Allah ya zagaya da shi cikin halitta, amma ku duba abin da ya nuna masa a sura ta 38 da ta 39: ruwan sama da yake zuba a jejin da ba kowa, zaki da yake farauta, jimina da take barin ƙwanta a ƙasa. Halitta ce mai girma da ban tsoro, wadda ba duka aka yi ta don jin daɗinmu ba, ba a kuma ba Ayuba lissafin kowane abu ba. Bulus a Romawa sura ta 8 ya kwatanta halitta duka da mace mai naƙuda, tana nishi tana jiran 'yanci. Littafin da ya ce halitta tana shelar ɗaukakar Allah, shi ne kuma ya ce tana nishi. Mai wa'azin da ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu, bai ba jama'arsa cikakkiyar Maganar ba.

A nan ne iyakar abin da halitta take iya koyarwa. Tana iya sa mutum ya yi shiru ya ce akwai Mai iko, akwai Mai hikima, a kan wannan kuwa mu da maƙwabtanmu Musulmi bakinmu ɗaya ne, kuma abu ne mai kyau mu riƙa tunawa da haka in muna hira da su a kasuwa ko a gona. Amma ko Mai ikon nan yana ƙaunar yaro mai SS, ba a karanta wannan a ganyen gawo. Mu Kirista a wurin gicciye muke karanta shi, inda Mahalicci da kansa ya ɗauki jiki mai jini da jijiya, ya san zafi, ya mutu, ya tashi. Nufin Allah ga halittarsa a gaba yake, a sabuwar halitta, ikilisiya kuma an kira ta ta yi aiki ta fuskanci can.

Saboda haka yaƙi da ƙuduji ba gardama da Mahalicci ba ne. Manomin da ya shuka waken suya ko auduga a gonar da ƙuduji ya kama, domin irin ya farka ya rasa saiwar da zai kama ya mutu, ya yi amfani da hankalin da Allah ya ba shi. Haka ikilisiyoyin da suke neman sakamakon gwajin jini kafin a ɗaura aure. Sai dai a nan muna da roƙo ga dattawa. Gwajin da ake nema saura wata ɗaya biki, bayan an kai kaya an buga kati, ya zo a makare, shi ya sa ake samun masu sayo takardar ƙarya. A sa matasa su san jininsu tun suna ƙungiyar matasa, kafin zuciya ta kama wani. A yi gwajin a asibitin da aka amince da shi, in da hali a maimaita. Waɗanda kuma suka riga suka haifi masu cutar, kada a bar su da "sai haƙuri" kawai. Gidan sauro, shan ruwa da yawa, kiyaye yaro daga sanyin hunturu, zuwa asibiti a kan lokaci, da magungunan da likita yake rubutawa, duk suna rage yawan tashin ciwon, baitulmalin ikilisiya kuma yana iya ɗaukar wani abu a ciki. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da yake gyara ƙwayar gadon kanta, amma kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, saboda haka a yanzu abin da ke hannunmu shi ne gwaji, da kulawa, da ba da jini.

Yaron nan kuma da ya dawo hutu da tambayarsa, a shimfiɗa masa tabarma. In dattijo bai karanta ilimin halittu ba, kusan kowace gunduma tana da malamin sakandare, ko nas, ko malamin gona da yake cikin ikilisiya, a gayyato shi taron matasa ya zauna tare da fasto su amsa tambayoyin tare. Ranar 19 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don wayar da kai a kan sikila. Muna ba da shawara kowace majalisar dattawa ta duba Lahadin da ta fi kusa da ranar, a yi wa'azi daga Yahaya sura ta 9, a kuma shirya da asibiti mafi kusa su zo su yi wa matasa gwajin jini bayan an tashi sujada.